Idan Manhaja Ta Yi Ɓarna, Wa Zai Biya?

Maganarmu ta yau a kan wani abu ne da ido ba ya gani, hannu ba ya taɓawa, amma dukiyarmu na bi ta cikinsa safe da yamma. Ina nufin manhaja, wato jerin umarnin da masana kwamfuta ke rubutawa su ɗura a cikin waya ko wata na'ura don ta san abin da za ta yi. Da manhaja ɗalibin Jami'ar Maruwa ke karɓar kuɗin da mahaifinsa ya turo masa ta Orange Money ko MTN Mobile Money, da ita ake lissafa albashin ma'aikaci a Yawunde, da ita banki ke riƙe da ajiyar ɗan kasuwa, ita ce kuma ke taya matuƙi sarrafa jirgin da alhazanmu ke shiga a filin jirgin saman Garwa. To idan wannan abu ya zo da aibi tun daga hannun wanda ya rubuta shi, ya yi lissafin ƙarya, ko ya bar kafar da ɓarawo zai shigo, har mutum ya yi asara, wa zai biya? A yadda al'amarin yake a mafi yawan ƙasashen duniya, wanda asarar ta faɗa wa shi ke yin haƙuri. A ganina wannan tsari bai dace ba. Kamfanin da ya rubuta manhaja, ya sayar da ita ko ya ci riba da ita, shi ya kamata ya ɗauki asarar da sakacinsa ya jawo. In kuma an yi jayayya, shi ya kamata ya kawo hujjar cewa aikinsa lafiya yake, domin shi kaɗai ke ganin abin da ke ciki.

Kada wani ya ɗauka wannan maganar Turai da Amurka ce. A watan Agusta na 2020 wani kamfanin tsaron waya mai suna Upstream, ta sashensa na Secure-D, ya ba da rahoton cewa ya gano wata muguwar manhaja da ake kira Triada a cikin wayoyi kusan 53,000 samfurin Tecno W2. Kamaru na cikin ƙasashen da aka sami wayoyin, tare da Habasha da Masar da Gana da Afirka ta Kudu. Masu wayoyin nan ba su sauko da komai daga intanet ba, ba su kuma buɗe saƙon 'yan damfara ba. Da abin aka sayar musu da wayar, sabuwa ful a kwalinta. Aikin muguwar manhajar shi ne ta jawo wata 'yar'uwarta a ɓoye, su riƙa ƙoƙarin shigar da mai waya cikin hidimomin da ake biya ba da saninsa ba, kiredi na zurarewa, data na ƙarewa, ko ya goge wayar gaba ɗaya abin ya sake dawowa. Kamfanin Transsion na ƙasar Sin, mai ƙera Tecno, ya ce matsalar ta shigo ne ta hannun wani daga cikin masu kawo masa kayan haɗi, ya kuma ce ya riga ya fitar da gyara. Adalci ne a faɗa cewa wayoyin wannan kamfani sun sa talakawa da dama sun mallaki wayar zamani, kuma wannan alheri ne. Amma a dubi inda nauyin ya sauka. Wanda ya sa kiredin sefa 500 da safe ya tarar babu kafin la'asar, cewa zai yi rezo ne, ko ya zargi yaron gida da ya ari wayar. Ba zai kawo wa ransa cewa tun daga masana'anta ɓarawon ya biyo shi ba, ballantana ya san ƙofar da zai je ya kai kuka.

Akwai wanda ya fi mai waya zama a bakin haɗari, wato mai turawa da cire kuɗi, wanda ke zaune ƙarƙashin laima a bakin babbar kasuwar Maruwa ko a tashar mota, da ɗan teburinsa, da wayoyi biyu ko uku, da littafin da yake rubuta lamba da adadi da lokaci. Da magariba yakan ƙirga takardun kuɗin da ke jakarsa, ya duba abin da waya ta ce ya rage a asusu, ya haɗa ya ga ko sun yi daidai da jarin da ya fito da shi. Ranar da lissafi ya ƙi haɗuwa, in jarin na maigida ne, to sunansa ya ɓaci, domin kowa ya yarda cewa na'ura ba ta kuskure, ɗan Adam ne ke kuskure ko ha'inci. Wannan yarda ita ce ta haifar da ɗaya daga cikin manyan zaluncin shari'a a tarihin Birtaniya. A 1999 hukumar gidan waya ta ƙasar ta fara aiki da wata manhajar lissafi mai suna Horizon, ta kamfanin Fujitsu, a dubban ƙananan rassanta. Masu riƙe da rassan nan ƙananan 'yan kasuwa ne, suna karɓar kuɗi suna biya a madadin hukumar, kuma yarjejeniyarsu ta sa duk giɓin da aka samu su za su cike. Sai manhajar ta riƙa nuna giɓin kuɗin da babu wanda ya ɗauka. Wanda ya buga waya ya yi ƙorafi, a ce masa shi kaɗai ke da wannan matsala. Tsakanin 1999 da 2015 an gurfanar da mutane fiye da 900 bisa zargin sata ko lissafin ƙarya. Wasu sun sayar da gidajensu sun biya kuɗin da ba su ci ba, wasu sun shiga kurkuku, wasu baƙin ciki ya kai su ga kashe kansu. Wata mata mai suna Seema Misra, a 2010 aka ɗaure ta tana da juna biyu.

Sai a 2019, bayan mutum 555 sun haɗa kai ƙarƙashin jagorancin Alan Bates sun kai ƙara, babbar kotu ta tabbatar cewa Horizon na da kurakuran da ke iya haifar da giɓin ƙarya, kuma ma'aikatan Fujitsu na iya shiga lissafin reshe daga nesa su taɓa shi. A 2021 kotun ɗaukaka ƙara ta wanke mutum 39 a zama ɗaya, a 2024 kuma majalisar dokoki ta yi doka ta musamman ta soke mafi yawan sauran hukunce-hukuncen. Shekara 20 ke nan ana cin mutuncin bayin Allah. Diyyar da ake biya kuwa daga baitulmalin gwamnati take fitowa, wato daga harajin jama'a, ko da yake a watan Janairu na 2024 shugaban Fujitsu na Turai ya nemi gafara a gaban 'yan majalisa, ya kuma amince cewa ya wajaba kamfanin ya sa hannu a biyan. Me ya sa abin ya daɗe haka? Saboda kotunan Ingila na ɗaukar cewa kwamfuta lafiya take aiki sai in wani ya kawo hujjar saɓanin haka, alhali wanda ake tuhuma ba shi da hanyar leƙa cikinta. Wanda ya kawo ƙara shi ke riƙe da bayanan, shi ke kawo shaida, shi ke fassara ta. Wannan fa a ƙasar da ke da lauyoyi da jaridu masu ƙarfi. Ku auna yadda abin zai kasance ga yaron da ke zaune ƙarƙashin laima, wanda bai taɓa taka ofishin lauya ba.

Malamanmu na zaure, masu karantar da Risala ta Ibn Abi Zaid mutumin Ƙairawan da Muhtasar na Shehu Halil, sun san irin wannan matsala tun ƙarnuka kafin a ƙirƙiro kwamfuta. Asali a fiƙihu shi ne wanda aka ba amana ba ya biya sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka, kuma maganarsa ake karɓa. Amma mazhabar Imamu Malik ta ware masu sana'a daga wannan asali. Tela, ko marini, ko maƙeri, ko majemi irin waɗanda Maruwa ta yi suna da su, matuƙar ya kafa kansa yana yi wa jama'a aiki, ya karɓi kayan mutum ya shiga da su inda mai kaya ba ya gani, in sun lalace ko sun ɓace shi zai biya, sai fa in an sami shaidu cewa ba da sakacinsa abin ya faru ba. Malamai sun kafa wannan hukunci a kan maslaha, kuma dalilinsu a fili yake: mutane ba su da makawa sai sun kai aiki wurin masu sana'a, aikin kuma a bayan idonsu ake yi, don haka in aka ce maganar mai sana'a za a karɓa ba tare da hujja ba, dukiyar jama'a za ta salwanta, sakaci kuma ya yawaita. Fatawa ta malamai ce, kuma akwai bambanci tsakanin mas'alolin biyu, tunda tela kayanka ya karɓa, mai manhaja kuwa sau da yawa kayansa ya ba ka. Sai dai wannan ɓangaren ma ba a bar shi haka ba, domin fiƙihu ya ba mai saye damar mayar da kaya saboda ɓoyayyen aibi, kuma dokar hulɗar jama'a da muka gada daga Faransa, wadda ake aiki da ita a wannan yanki namu, ta ɗora wa mai sayarwa alhakin irin wannan aibi a sashe na 1641. Abin da nake so a riƙe shi ne dalilin hukuncin. A yau babu sana'ar da jama'a ba su da makawa a kanta kamar rubuta manhaja, babu kuma wadda ta kai ta ɓuya daga idon mai kaya. Mai kai yadi wurin tela yana iya juya rigar ya duba ɗinki. Mai waya kuwa ko ya buɗe bayanta ba zai ga komai ba.

Kamfanoni za su ce ai mai amfani da kayan ya yarda da sharuɗɗa. Mu dubi yadda wannan yarda ke faruwa. Mutum ya sayi waya a kasuwa, yaron shago ya kunna ta don ya saita masa, rubutu ya fito ƙanana-ƙanana da Faransanci ko Ingilishi, shafi bayan shafi, yaron ya ja da yatsa har ƙasa ya danna wurin amincewa, ya miƙa masa wayarsa. Mai wayar bai ma san an ƙulla wata yarjejeniya da sunansa ba. A cikin rubutun nan galibi akwai cewa ka karɓi manhajar a yadda take, kamfani bai yi alkawarin za ta yi aiki daidai ba, ba zai biya asarar da ta jawo ba, in ma zai biya ba zai wuce abin da ka saye ta ba, ƙara kuma sai a wata kotu ta wata ƙasa. Yardar da babu damar ƙin ta, ba a kuma san abin da ke cikinta ba, bai kamata doka ta ba ta ƙarfin kwashe haƙƙin mutum ba. A cikin Muhtasar, maganar da aka tafi a kai ita ce ko da mai sana'a ya gindaya sharaɗin cewa ba zai biya ba, sharaɗin ba ya kuɓutar da shi. Dokar Kamaru ma ta bi wannan hanya. Doka mai lamba 2011/012 ta ranar 6 ga Mayu 2011, wadda ta shafi kare masu saye, ta ɓata duk sharaɗin da ke cire ko rage alhakin mai kawo kaya a kan aibin da ke cikin fasaha ko kaya ko hidima. Ta kuma sa cewa a shari'ar mai saye, mai sayarwa ne zai kawo hujjar ƙaryata abin da ake zargi, ta tanadi kwamitocin sasanta irin wannan rigima a matakin gundumomi. Ashe tushen yana nan a dokarmu. Abin da ya rage shi ne jama'a su sani, alƙalai da hukumomi kuma su yarda cewa manhaja ma kaya ce da wannan doka ta shafa.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wurin masu adawa ita ce cewa babu manhajar da ba ta da kuskure. Gaskiya ne, kuma duk mai sana'ar zai tabbatar da haka, domin manhaja babba tana iya kai layi miliyoyi, ba wanda zai ce ya tsefe kowane layi. In aka ce kowane kuskure sai an biya, ba wanda zai sake rubuta komai. Sai dai ba wannan muke nema ba. Likita ma majiyyaci na mutuwa a hannunsa, ba a kama shi sai in ya bar abin da kowane likita ya san wajibi ne. Ita ma sana'ar manhaja tana da nata wajiban da masu ita suka sani: a gwada aiki kafin a sake shi, kada a fitar da na'urori duka da lambar sirri iri ɗaya, in an gano kafa a sanar a kuma toshe ta da wuri, gyara kuma a fara aika shi ga kaɗan a ga yadda ya yi kafin a aika wa kowa. Ranar 19 ga Yuli 2024 kamfanin CrowdStrike na Amurka ya aika wani gyara mai aibi ga abokan cinikinsa a lokaci ɗaya, kwamfutoci kusan miliyan 8.5 suka tsaya cak, bisa ƙiyasin Microsoft, filayen jiragen sama da bankuna da asibitoci suka rikice. Bayan nan ne kamfanin ya yi alkawarin zai riƙa aika irin wannan gyara kashi-kashi. Kamfanin jiragen Delta ya ce ya soke tashi kusan 7,000, ya yi asarar dala miliyan 500, ya kai ƙara, CrowdStrike kuwa ya nuna masa yarjejeniyar da ta taƙaita abin da zai biya. Wanda ya fi wannan ciwo shi ne na jirgin Boeing 737 MAX. An sa masa wata manhaja mai danna hancin jirgi ƙasa, aka bar ta ta dogara da ma'auni guda ɗaya tak, ba a kuma yi wa matuƙa cikakken bayaninta ba. Jirgi ɗaya ya faɗi a Indunusiya a watan Oktoba na 2018 da mutum 189, na biyu ya faɗi ranar 10 ga Maris 2019, 'yan mintoci bayan tashinsa daga Addis Ababa zuwa Nairobi, da mutum 157. Mai imani ya san komai da ƙaddara, amma ƙaddara ba ta taɓa ɗauke wa mai sakaci biyan diyya ba.

Wasu kuma za su ce laifin na ɓarawo ne, shi za a kama, ko na mai waya ne da ya ba da lambar sirrinsa. Ɓarawo dai a kama shi, kuma muna da doka mai lamba 2010/012 ta ranar 21 ga Disamba 2010 da ke hukunta masu kutse, da hukumar ANTIC mai kula da tsaron wannan fanni. Wanda kuma ɗan damfara ya kira shi ya karanta masa lambar sirrinsa da bakinsa, yana da nasa kason na alhaki. Haka ma ma'aikatar da aka aiko wa gyara ta ƙi sawa: cutar WannaCry da ta mamaye ƙasashe fiye da 150 a watan Mayu na 2017, har ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila, ta bi ne ta kafar da Microsoft ya riga ya fitar da maganinta tun watan Maris. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kamfanin da ya sayar da waya yau, bayan shekara ɗaya ya daina aiko mata gyara alhali ya san mutanenmu kan riƙe waya shekaru, shi ya bar kafar a buɗe. Batun cewa wani ne ya kawo kayan haɗi mai aibi kuwa, tsohuwar hujja ce da shari'a ta daɗe da amsawa. A 1916 a Niyok, wani mai suna MacPherson ya sayi motar Buick a wurin dillali, ƙafar motar ta katako ta karye ya ji rauni. Buick ya ce wani kamfani ne ya yi ƙafar, kuma shi bai sayar wa mutumin da mota hannu da hannu ba. Mai shari'a Cardozo ya ce wanda ya haɗa mota ya sa sunansa a kai, wajibinsa ne ya duba abin da ya haɗa. Masana'antar mota ba ta mutu saboda wannan hukunci ba, ci gaba ma ta yi.

Damuwar da na fi ba muhimmanci ita ce ta matasanmu. Muna da yara masu koyon wannan sana'a a babbar makarantar fasaha ta Jami'ar Maruwa da Jami'ar Ngawundere, wasunsu na haɗa 'yar manhajar lissafi su sayar wa mai kantin magani ko makaranta. In doka ta yi musu nauyi daidai da na manyan kamfanoni, za a kashe su tun ba su tashi ba. Haka kuma akwai manhajojin da 'yan sa-kai ke rubutawa su bayar kyauta, duniya duka na amfani da su. A watan Disamba na 2021 an gano babbar kafa a ɗaya daga cikinsu mai suna Log4j, wadda ke cikin kayan dubban kamfanoni, masu kula da ita kuwa 'yan tsiraru ne da ke aikin don sha'awa. Zalunci ne a ce su za su biya. Wanda ya ɗauki kayan kyauta ya sa a cikin hajarsa ya sayar, shi zai duba shi, shi kuma zai amsa. Nauyi ya bi girman riba da girman haɗari: manhajar wasa daban, wadda ke riƙe da kuɗin mutane ko lafiyarsu daban, ƙaramin mai sana'ar da ya bi ƙa'idojin da aka sani kuma doka ta ba shi mafaka. Game da cewa waya za ta ƙara tsada, mai yiwuwa ta ƙara kaɗan. Amma talaka ai yana biyan kuɗin aibin tun yanzu, da kiredin da ke zurarewa, da jarin da ke ɓata, da wayar da ke zama ba amfani tun ba ta tsufa ba. Yana biya shi kaɗai, a ɓoye, wanda ke da ikon gyarawa kuma ba ya jin zafin da zai sa ya gyara.

Saura tambayar da na san tana ran da yawa daga cikinku: ina Kamaru ina tilasta wa kamfanin da ke Shenzhen ko Kalifoniya? Turai ta riga ta buɗe hanya. A 2024 Tarayyar Turai ta yi dokoki biyu. Ɗaya ta sa manhaja cikin jerin kayan da mai yin su zai biya diyya in suna da aibi, ta ba alƙali ikon tilasta wa kamfani ya fito da bayanansa, ta kuma yarda a ɗauka akwai aibi idan sarƙaƙiyar fasaha ta sa mai ƙara ba zai iya tabbatarwa ba. Ƙasashen Tarayyar za su fara aiki da ita daga Disamba 2026. Ɗayar ta wajabta wa masu ƙera kayan da ke da manhaja su ci gaba da aiko gyaran tsaro, galibi aƙalla shekara 5, da tarar da ke iya kai yuro miliyan 15 ko kashi 2.5 cikin 100 na cinikin kamfani a duniya. Wannan za ta kankama a Disamba 2027. Dukansu sun sassauta wa manhajar kyauta da ba kasuwanci ake yi da ita ba. Dabarar da ta fi yi mana amfani a ciki ita ce idan mai ƙerawa yana wajen ƙasa, wanda ya shigo da kayan shi ake kamawa. Wannan muna iyawa. Babban mai shigo da waya ta tashar jiragen ruwa ta Duwala yana da ofis a ƙasar nan, kamfanin sadarwa da banki suna da lasisi a ƙasar nan, in nauyi ya hau kansu su za su juya su matsa wa wanda ya sayar musu. Hukumar ART, wadda ke tantance na'urorin sadarwa kafin a sayar da su, tana iya sa tsawon lokacin aiko gyara cikin sharuɗɗanta. Kuma in kasuwarmu ta yi ƙanƙanta, ai mu ƙasashe 6 ne a ƙungiyar yankinmu ta CEMAC, da babban banki ɗaya, BEAC, da hukumar sa ido ɗaya, COBAC, waɗanda harkar tura kuɗi ta waya ke ƙarƙashinsu.

Kwafar dokar Turai yadda take ba za ta wadatar da mu ba, kuma wannan wuri ne da masu tsara doka a Yawunde ya kamata su lura. Dokar diyyar ta Turai ta tsaya ne a kan rauni da mutuwa da lalacewar kaya da ɓacewar bayanai, ba ta kai ga asarar kuɗi zalla ba. Mu kuwa a nan asarar kuɗi ita ce ciwonmu, kuma ƙanana ce a kan kowane mutum, sefa 500 nan, 20,000 can, kuɗin da ba wanda zai ɗauki lauya a kansa amma in an tara shi dukiya ce mai yawa. Saboda haka muna bukatar hanyar ƙorafi mai sauƙi, wadda za a saurari mutum da Hausa ko Fulatanci a nan Maruwa ko Garwa ba sai ya niƙi gari zuwa babban birni ba, da damar ƙungiyoyin masu saye su kai ƙara da sunan jama'a da yawa. Muna bukatar ƙa'idar cewa ba za a ɗaure mutum ko a cire masa kuɗi bisa abin da allon kwamfuta ya nuna kawai ba, sai kamfani ya buɗe bayanansa wani masani mai zaman kansa ya duba. Gwamnati ma, wadda ke sayen manhajar albashi da ta haraji da ta kwastan da kuɗin jama'a, bai kamata ta sa hannu a kwangilar da ke wanke mai kawo kaya daga alhaki ba.

Kafin a kai ga wannan, akwai abin da ke hannunku. Mai tura kuɗi ya riƙe littafinsa da kyau, ya rubuta lambar shaidar kowane ciniki da lokacinsa, kada ya goge saƙonnin tabbatarwa. Maigidan da ya ga giɓi a lissafin yaronsa ya nemi cikakken bayanin asusun daga kamfani tukuna, kafin ya kai shi wurin 'yan sanda ko jandarma. Wanda kuɗinsa ya ɓace ya kai ƙorafi a rubuce, ya karɓi takardar shaidar cewa an karɓa, ya kuma tambayi abokan sana'arsa ko wani ya ga irin haka a ranar, domin mutanen gidan wayar Birtaniya sun fara samun gaskiyarsu ne a lokacin da suka haɗu suka gane cewa abin ba mutum ɗaya ya shafa ba. Mai sayen waya kuma ya tambayi mai shago shekara nawa za a yi ana aiko mata gyara, ya karɓi rasit mai ɗauke da sunan shagon da lambar wayar.